NANA ASMA'U 'YAR SHEHU (1793–1864): RAYUWARTA DA AIKIN 'YAN TARU

1.0 Gabatarwa

Masana zamantakewar ɗan'adam, idan za su auna matsayin mace a cikin wata al'umma, sukan fara duba ta wajen wa ake jingina zuriya. A wasu al'ummu ɗa na dangin uwarsa ne, kuma ta wajenta yake gadon gida da gona, wani lokaci har da sarauta. A cikin ƙabilun Buzaye da dama na ƙasar Azbin da kewayenta, mace ita ke da tanti da kayan cikinsa, ita ke koya wa yara rubutun Tifinag, kuma sarauta takan faɗa wa ɗan 'yar'uwar sarki. Haka abin yake ga Tonawa na ƙasar Asante, inda fataken Hausa suke zuwa sayen goro: kowa na dangin uwarsa ne, kuma uwar sarauta ce ke gabatar da wanda za a naɗa sarki. Ko a cikin duniyar Musulmi akwai mutanen Minankabau na tsibirin Sumatara a Indunusiya, waɗanda gidaje da gonakin shinkafa suke bi ta hannun mata. A irin waɗannan wurare mace takan tashi da madogara tun daga ranar haihuwarta.

Al'ummar Hausawa da Fulani ta ƙarni na 19 tana jingina nasaba ga uba, kamar yadda shari'ar Musulunci ta tanada. Duk da haka, a cikinta aka sami wata mace wadda ta ɗora wa matan karkara aikin koyarwa da jagoranci, ta kuma tsara shi yadda ya rayu bayan ranta. Wannan ita ce Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. A wannan darasi za a duba rayuwarta da rubuce-rubucenta, sannan a tsaya a kan ƙungiyar 'Yan Taru, wadda ita ce babban abin da ta bar wa mata.

2.0 Haihuwarta da Gidan da ta Tashi

An haifi Nana Asma'u a garin Ɗagel, cikin ƙasar Gobir, a shekarar 1793. Tagwaye aka haife su ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada da an kira ta da sunan 'yan biyu, amma Shehu ya raɗa mata suna Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar wadda ta yi hidima a lokacin hijirar Manzon Allah (SAW). Mahaifiyarta Maimuna, uwargidan Shehu, ta rasu tun Asma'u tana ƙarama, don haka renonta ya koma hannun sauran matan Shehu, musamman A'ishatu da kuma Hauwa'u mahaifiyar Muhammadu Bello. Wannan ya sa shaƙuwa mai ƙarfi ta shiga tsakaninta da Bello, wanda ya girme ta da kimanin shekara 12.

Gidan Shehu gidan karatu ne ga maza da mata baki ɗaya. Tun kafin a haifi Asma'u, batun karantar da mata ya riga ya jawo wa mahaifinta suka. A wajajen 1786, lokacin da Shehu yake yawon wa'azi a ƙasar Zamfara, wani malami mai suna Mustafa Gwani ya aiko masa da waƙa yana zarginsa da barin mata su halarci majalisinsa tare da maza. Shehu ya umarci ƙanensa Abdullahi ya mayar da amsa, shi kuwa ya nuna cewa barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi muni nesa ba kusa ba. A littafinsa Nurul Albabi, Shehu ya soki malaman da suke koyar da ɗalibai a zaure alhali matansu da 'ya'yansu mata ba su san hukuncin tsarki da salla ba. A cikin wannan yanayi Asma'u ta buɗe ido. Ta haddace Alƙur'ani, ta karanci fiƙihu da tauhidi da tasawwufi bisa tafarkin Ƙadiriyya, ta kuma iya harsuna huɗu: Fulatanci da Hausa da Larabci da Buzanci. Ba ita kaɗai ce malama a cikin 'ya'yan Shehu ba, domin yayarta Hadiza da ƙanwarta Maryamu su ma sun shahara da ilmi.

3.0 Shekarun Hijira da Yaƙi

Ƙuruciyar Asma'u ba ta daɗe cikin kwanciyar hankali ba. A ƙarshen 1803 rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta auka wa Gimbana, garin da Malam Abdussalami, almajirin Shehu, ya zauna da jama'arsa a ƙasar Kabi. An kashe mutane, an kamo wasu, cikinsu har da mata da yara. Da aka biyo da kamammun ta kusa da Ɗagel, sai mutanen Shehu suka ƙwace su. Wannan lamari yana cikin manyan dalilan da suka kai ga hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, lokacin Asma'u tana da kimanin shekara 11. Ɗalibin da ya fito daga yankin Jega ya kamata ya lura da wannan wuri, domin bayan rasuwar Abdussalami a 1818, ɗansa Buhari ne ya jagoranci Gimbanawa suka kafa garin Jega, wanda daga baya kasuwarsa ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin ƙasar Gwandu.

Asma'u ta ga abin da yaƙi yake yi wa mata da idonta. Bayan nasarar Tafkin Kwatto a watan Yuni na 1804, Jama'a ta sha mummunar asara a Tsuntsuwa a ƙarshen wannan shekara, inda mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka yi shahada. Daga nan aka koma Sabon Gari na ƙasar Zamfara cikin yunwa da cuta. A 1805 aka ci Birnin Kabi, Jama'a ta tare a Gwandu, sannan aka sake shan wuya a yaƙin Alwasa, har abokan gaba suka kawo hari Gwandu kanta kafin a kore su. A duk tsawon wannan tafiya, mata ne ke ɗaukar yara da kaya, su nemo ruwa da itace, su yi jinyar masu rauni, su kuma riƙe marayun da aka bari.

A wajajen 1807, lokacin da ake zaune a Gwandu, aka aurar da ita ga Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Muhammadu Bello. A shekarar da ta biyo baya, wato 1808, Alƙalawa babban birnin Gobir ta faɗi. Bayan an gina Sakkwato ita da mijinta suka tare a can, a unguwar da har yau ake kira Giɗaɗawa. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a, Giɗaɗo ya zama Wazirinsa. Ta haka Asma'u ta kasance 'yar Shehu, ƙanwar Sarkin Musulmi, kuma matar Waziri. Gidansu ya zama masaukin malamai da baƙi daga ƙasashe masu nisa, har Baturen Birtaniya Kyaftin Kilafaton, da ya zo Sakkwato a 1824, a hannun Giɗaɗo ya sauka.

4.0 Rubuce-rubucenta

Ayyukan Asma'u da suka iso gare mu sun kai kimanin 60, mafi yawansu waƙoƙi. Na farko da aka sani shi ne Tanbihul Gafilina, wanda ta rubuta da Larabci a 1820. Tana zaɓen harshe gwargwadon waɗanda take nufi da saƙo. Larabci na malamai ne, kamar wasiƙar waƙa da ta yi wa wani malami ɗan Shingiɗi da ya biyo ta Sakkwato. Fulatanci na dangi ne da almajiran gidan Shehu. Hausa kuwa ita ce harshen talakawa, kuma da ita ta fi yin wa'azi da koyarwa.

Ana iya kasa ayyukanta gida huɗu. Akwai na tarihi, kamar waƙar da ta bi sawun Shehu tun daga Ɗagel har Sakkwato, wadda ƙanenta Isa ya mayar Hausa aka san ta da Waƙar Gewaye, da kuma waƙarta a kan yaƙin Gawakuke na 1836. Akwai na wa'azi da gargaɗi, kamar Godaben Gaskiya da Sharuɗɗan Ƙiyama, da fassarar da ta yi wa waƙar Shehu ta Fulatanci wadda ta zama Tabbat Haƙiƙa. Akwai na koyarwa kai tsaye, kamar waƙar da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 a cikin 'yan baitoci domin sauƙin hadda, da littafinta Tabshirul Ikhwani na 1839 a kan neman waraka da ayoyi da addu'o'i. Na huɗu su ne marsiyyoyi, wato waƙoƙin alhini. Ta yi wa baffanta Abdullahi na Gwandu, ta yi wa Bello bayan rasuwarsa a Wurno a 1837, ta yi wa mijinta Giɗaɗo.

A cikin marsiyyoyin nan ne ake ganin yadda take kallon aikin mata. Ba ta taƙaita su ga manya ba. Ta yi wa wata maƙwabciyarta mai suna Halima, wadda ba ta da sarauta ko shahara, ta yabe ta da kyautata wa maƙwabta da sasanta dangi. Ta yi wa 'yar'uwarta Faɗima, ta ambaci yadda take ciyar da baƙi da taimakon mabukata. Haka kuma a waƙarta Tawassuli ga Mata Masu Albarka, wadda ta samo tushe daga Kitabun Nasiha na Bello, ta jero matan Annabi (SAW) da 'ya'yansa da waliyyai irin su Rabi'atul Adawiyya, sannan ta haɗa da matan zamaninta, irin su Joda Kawuri da 'Yar Hindu da iyayen da suka rene ta. Da wannan ta nuna wa mace Bahaushiya cewa silsilar mata salihai ba ta yanke ba, kuma akwai gurbinta a ciki.

5.0 Matsalar da ta Tarar

Domin a fahimci dalilin kafa 'Yan Taru, dole a san halin da matan karkara suke ciki bayan jihadi. Kafin jihadi, mata suna da muƙamai a sarautun Hausa, kamar Magajiya da Iya da Inna, kuma tarihin baka na Daura yana lissafa sarauniyoyi da suka yi mulki har zuwa Daurama. A Gobir, Inna 'yar gidan sarauta ce mai faɗa a ji, ita ce shugabar 'yan bori, kuma gare ta mata suke kai kukansu idan ciwo ko rashin haihuwa ko wata damuwa ta same su. Da mulkin Alƙalawa ya rushe, sai wannan madogara ta raunana a ƙasar da ta shiga hannun Jama'a, alhali buƙatar da take biya tana nan.

Ban da haka, yaƙe-yaƙe sun bar zawarawa da marayu birjik, sun kuma shigo da ɗimbin mata kamammu cikin gidaje da ƙauyuka da ribaɗoɗin da Bello ya kafa. Yawancin waɗannan mata ba su san Larabci ko Fulatanci ba, kuma ba su taɓa zama gaban malami ba. Amma su ne ke renon 'ya'yan da za su zama al'ummar gobe, kuma da guminsu tattalin arzikin daula yake tafiya. Su ke gurzar auduga su kaɗa zaren da masaƙa suke jira, su ke daka da niƙa, su ke kaɗa nono su fitar da man shanu, su ke yin daddawa da sabulu. Mace mai irin wannan ɗawainiya ba ta da halin barin gidanta ta tafi birni neman ilmi, kuma malami namiji ba shi da hanyar shiga wurinta. Idan aka hana ta bori ba a ba ta abin da zai maye gurbinsa ba, to komawa za ta yi gare shi a ɓoye. Wannan shi ne ƙullin da Asma'u ta zauna ta warware.

6.0 Ƙungiyar 'Yan Taru

A wajajen 1840, bayan rasuwar Bello, Asma'u ta tsara hanyar kai ilmi ga matan ƙauye ta hannun 'yan'uwansu mata. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana daga wani gari ta naɗa ta jaji. Kalmar jaji daga harshen fatake aka aro ta, inda take nufin mai jan ayari. Alamar naɗin ita ce malfa da jan ƙyalle da ake naɗawa a kanta. Hikimar da ke cikin wannan ita ce, malfa tana cikin kayan da aka san Innar Gobir da su. Matan karkara sun saba ganin malfa a kan mace mai iko, don haka da suka gan ta a kan jaji ba su buƙaci dogon bayani ba. Asma'u ta ɗauki alamar da mutane suka sani ta ɗora mata sabon aiki.

Jaji takan tattaro ayarin mata daga garinta su taho wurin Asma'u a ƙasa. Waɗanda ke cikin ayarin su ne 'yan matan da ba su isa aure ba da dattijan da suka wuce shekarun haihuwa, domin su ne tafiyarsu ba za ta tsayar da hidimar gida ba. Idan sun iso sai a sauke su, a koya musu waƙoƙin da suka ƙunshi tauhidi da hukuncin tsarki da salla da azumi da tarihin Annabi (SAW) da kyawawan halaye. Sukan kuma kawo matsalolinsu da na waɗanda suka baro a gida a ba su fatawa da shawara. Da yake a waƙe darussan suke, wadda ba ta iya karatu ba ma takan haddace su. In sun koma gida sai su bi matan aure ɗaki ɗaki suna koya musu, har waƙoƙin suka shiga bakin mata a wurin daka da kaɗi.

Akwai ɓangaren tattalin arziki a cikin tsarin wanda bai kamata a manta da shi ba. 'Yan Taru ba su zuwa hannu rabbana. Sukan riƙo sadaka daga abin da hannuwansu suka samar, kamar hatsi da zuma da man shanu da zare da ƙyalle, waɗanda matan da ba su sami zuwa ba suka bayar. Asma'u kuwa takan raba wannan kaya ga makafi da guragu da zawarawa da marayu. Tun da shari'a ta ba mace ikon mallakar abin da ta samu da sana'arta, sadakar tata ce, ladan ma nata ne. Ta wannan hanya sana'ar cikin gida ta zama abin da ake riƙe masu rauni da shi. A garuruwansu kuma 'Yan Taru su ne masu wankan gawar mata, da jinyar marasa lafiya, da sharar masallaci, da sulhunta ma'aurata. Darajar da Asma'u take ba waɗannan mata ta fito fili a marsiyyar da ta yi wa wata jaji mai suna Hauwa'u, wadda ta shekara da shekaru tana jan ayari zuwa gare ta.

Idan aka kwatanta wannan da al'ummun da aka ambata a gabatarwa, za a ga bambanci mai amfani. A wurin Buzaye da Tonawa, ƙarfin mace yana tafiya da gidan da ta fito da abin da ta gada, saboda haka baiwa ko baƙuwa ba ta da rabo a cikinsa. Ita ma Asma'u gidan ubanta ne ya buɗe mata ƙofa da farko. Sai dai abin da ta miƙa wa jajis, wato ilmi da amana da aiki, abu ne da mace za ta iya samu ko daga wane gida ta fito, ta kuma bar wa wata wadda ba 'yarta ba.

7.0 Rasuwarta da Abin da ta Bari

Nana Asma'u ta ci gaba da rubutu da karantarwa har ƙarshen rayuwarta. Ta rasu a 1864 tana da kimanin shekara 71, aka binne ta a Hubbaren Shehu da ke Sakkwato, kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryamu ta karɓi jagorancin 'Yan Taru, bayanta kuma Tamodi ta ci gaba da shi a Wurno. Tsarin ya tsallake zuwan Turawa a 1903, kuma masu bincike sun tarar da jajis suna aiki a ƙauyukan Sakkwato a rabin ƙarshe na ƙarni na 20.

Ɗanta Abdulƙadir ya gaji mahaifinsa a Wazirci, kuma muƙamin ya zauna a zuriyarsu. Abin lura a nan shi ne, ta wajen uwa ne gidan Waziri ya haɗa jini da Shehu, kuma suna alfahari da hakan, ko da yake al'ummar ta wajen uba take ƙidayar nasaba. Wani daga cikin zuriyarta, Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, shi ya adana takardunta, ya kuma buɗe su ga Jean Boyd, wadda ta wallafa tarihin rayuwarta da Ingilishi a 1989. A 1997 ita da Beverly Mack suka fitar da tarin ayyukanta tare da fassara. A yau akwai makarantun 'yan mata da Islamiyyu da ɗakunan kwanan ɗalibai masu yawa a Arewacin Nijeriya da ke ɗauke da sunanta.

8.0 Kammalawa

Rayuwar Nana Asma'u tana da darasi na musamman ga mai shirin zama malami. Ta fara da sanin halin ɗalibanta, ta yi musu magana da harshen da suke ji, ta zuba darasi a cikin sigar da za su iya riƙewa, sannan ta horar da waɗanda za su isa inda ita ba za ta isa ba. Ba ta raina sana'arsu ba, ta sa ta cikin tsarin karatun. Matan Jega da Aliero da Maiyama da suke turara shinkafa, suke matsar man gyaɗa da yin ƙuli-ƙuli, suke aika kayansu kasuwa, sannan su ɗauki littafi su nufi Islamiyyar matan aure, suna fama da tambayar da matan zamaninta suka yi fama da ita: yadda za a haɗa hidimar gida da neman na kai da neman sani. Malamin da za a tura irin waɗannan garuruwa zai amfana idan ya nazarci yadda ita ta amsa wannan tambaya.

Auna Fahimta

1. Bayyana dangantakar harin Gimbana da hijirar Shehu da kuma kafuwar garin Jega.
2. Kawo rukunoni huɗu na rubuce-rubucen Nana Asma'u tare da misali ɗaya ga kowanne.
3. Mene ne dalilin da ya sa aka zaɓi malfa ta zama alamar naɗin jaji?
4. Kwatanta tushen ƙarfin mace a al'ummar da ke jingina zuriya ga uwa da tushen ƙarfin jaji a tsarin 'Yan Taru.